Makarin Taɓo Da Mutumin Da Ke Bayanka

Hausawa na cewa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na sha koya wa ɗalibaina ita a aji, amma ban san nauyinta ba sai da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, wanda ko kallo bai ishi mutane ba, ya kunyata ni har sau biyu, da tazarar shekara 40 tsakanin kunyar farko da ta biyu. Ƙarfen nan kuwa shi ne makarin taɓo, wato wanda ake kifawa a kan tayar keke gaba da baya.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, masinja ne a wani ofishin gwamnati a Kano. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo, shi kuwa ya sayo keke ƙirar Raleigh, baƙi wuluk, mai birkin ƙarfe da murfin sarƙa da kariya a baya. Wutsiyar makarin taɓonsa na baya fara ce tas, da ɗan jan gilashi manne a jiki. Daga Ingila wannan tsari ya zo, an yi shi ne domin mai mota ya hango mai keke da dare. Kowace Lahadi Baba zai fito da keken nan ƙofar gida, ya goge shi da tsumma, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa.

A daminar 1983 ina ɗan shekara 15, wani yayi ya shigo wa samarin unguwarmu, na tuɓe wa keke komai. A cire kariya, a cire murfin sarƙa, a cire makarin taɓo, wai keken ya fi rashin nauyi, ya fi gudu, kuma ba ya kama da na tsofaffi. Ran nan Baba ya tafi ƙauye ta'aziyya a mota, ni kuwa na samu sifana na kwance makaran nan biyu, na yi kwana biyu ina sukuwa a gaban abokaina. Niyyata in mayar kafin ya dawo, ashe kusoshin sun zube a cikin yashi, na neme su sama ko ƙasa na rasa. Baba ya dawo da dare, da asuba aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya fito da safe ya ga kekensa tsirara, ya dube ni, ya dubi agogo, bai ce uffan ba. Ya ɗaure fayilolin ofis a kan kariya, wadda Allah Ya sa ban taɓa ba, ya hau ya tafi.

Da yamma ya dawo, sai na ga wani layi na jar laka ya taso tun daga ƙugunsa, ya bi tsakiyar gadon bayansa, har kan hularsa. Kakinsa ne da Inna ta yi wa sitaci ta goge. Daga baya na ji a bakin Inna cewa takardun ma sun ɓaci, kuma shugaban ofishin, wanda Baba ya girme shi nesa ba kusa ba, ya yi masa tatas a gaban mutane. Na shirya wa bulala, amma ba ta zo ba. Sai ya tuɓe rigar ya miƙo mini da sabulu, ya ce, "Wanke. Abin da ka cire ɗin nan, kai ka ɗauka ado ne. Sutura ce." Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwanci tashi na girma, na zama malamin makaranta, na sayi babur, na manta da keke. Sai ga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Na yi lissafin albashina, na yi na tafiyata kullum, na ga babu mafita sai in jingine babur. Na shiga kasuwa neman keke, mai shago ya nuna mini irin na Baba, ƙirar Phoenix ta ƙasar Sin, mai taya inci 28 da cikakkiyar sutura. Na kau da kai. Idona ya faɗa kan wani na gwanjo mai launi, mai giya barkatai, mai ƙatuwar taya inci 26 mai haƙora kamar ta tarakta. Shi ne wanda Turawa ke kira keken hawan dutse. Ashe yaron nan na 1983 yana nan a cikina, furfura kawai ya yi.

Ya kamata mai karatu ya san asalin irin wannan keke, domin a nan matsalar take. Wasu samari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka suka faro shi a shekarun 1970, suna gangarowa daga kan tsaunuka a guje don nishaɗi. Wanda ya fita irin wannan wasa ya san zai dawo dumu-dumu, ya yi wanka ya sake kaya, laka a wurinsa abin alfahari ce. Ga kuma wani dalili: idan laka mai danƙo ta taru tsakanin taya da makari, sai ta cushe wurin, taya ta ƙi juyawa. Shi ya sa akasarinsu ake ƙera su ba makari, wasu ma ko hujin ɗaura kusa babu. To, mu da muke sayensu a nan ba dutse muke hawa ba. Makaranta muke zuwa, da kasuwa, da ɗaurin aure, cikin kaftani da hula.

Watan Yuni da Yuli na yi ta laɓe-laɓe, in hadari ya haɗo in fake, in jira ƙasa ta tsane. Amma Agusta a Kano ba a yi mata wayo, domin ita ce tsakiyar damina. A nan na gane cewa ruwan da ke saukowa daga sama bai kai wanda ke tasowa daga ƙasa ɓarna ba. Na sama tsaftatacce ne, kuma yana ɗaukewa. Na ƙasa kuwa yana nan kwance sa'o'i bayan an ɗauke, ya haɗu da yashi da baƙin mai da abin da kwata ta amayo. Taya tana ɗebo shi tana juyawa da shi, sannan ta watsar. Ta baya ta zana maka layi a gadon baya. Ta gaba ta jiƙa maka ƙafafu da wando, ta feshe sarƙa, abin da ya kuɓuce ta samanta kuma ya yi gaba, iska ta tare shi, kai kuma ka shiga cikinsa da fuskarka. Taya mai haƙora ta fi kowace ɗebowa, kuma iya gudunka iya watsinta. Kafin wata ya ƙare sarƙata ta fara kuka, domin yashi in ya haɗu da man sarƙa, niƙa haƙoran giya yake yi a hankali.

Duk da haka na daure. Na sayi ɗan guntun roba irin wanda ake maƙalawa a ƙarƙashin sirdi, ya ɗan rage mini layin baya, na ce shi ke nan, na yi maganin abin.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na makara, ina taka feda da ƙarfi a kan wata hanya da ta cika da kududdufai. Sai na ji ana ta kaɗa ƙararrawa a bayana. Na yi gefe don a wuce, mai ƙararrawa ya ƙi wucewa, ya zo daidai da ni ya sauke ƙafa. Wani dattijo ne a kan tsohon Phoenix, da farar riga, ko kuwa in ce rigar da ta fito daga gida fara. Gabanta duk ɗigo-ɗigon laka ne, har gemunsa da gilashin idonsa.

Ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Tun daga shataletale nake bayanka."

Na ce, "Subhanallahi! Baba, ni na yi maka wannan? Don Allah ka gafarce ni, wallahi ban sani ba."

Ya ciro hankici yana goge gilashi, ya ce, "Na san ba ka sani ba, ɗana, ai ba ka da ido a ƙeya. Na ga ka tsare bayanka da 'yar roba, madalla. Saura na bayanka." Ya hau kekensa ya wuce. Na bi wutsiyar makarinsa da kallo, fara, ta sauko har kusa da ƙasa, ko ɗigo ɗaya bai taso mini ba.

Ranar ban san abin da na koyar a aji ba. Wa ya san inda dattijon nan za shi da farar rigarsa? Wataƙila shi ma akwai wani ƙaramin yaro mai babbar kujera da ke jiran ya yi masa tatas. Kuma mutum nawa na yi wa haka tun farkon damina, 'yan makaranta da masu talla da mata masu goyo, waɗanda ba su da ƙararrawar da za su tsayar da ni?

Da aka tashi na zarce wurin mai gyaran keke. Na ce ya samo mini irin na Phoenix ya ɗaura. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba a sa wa ƙato rigar siriri. Wancan na taya 28 ne, tsukakke, taka kuwa 26 ce mai faɗi." A wurinsa na koyi ƙa'idojin abin, kuma ga su ga duk mai buƙata. Dole makari ya ɗara taya faɗi, in ba haka ba ruwa zai riƙa fita ta gefe. A bar tazarar kamar kaurin yatsa tsakaninsa da taya, don kada tsakuwa ko laka ta maƙale. Na gaba ya sauko ƙasa sosai ta bayan taya, shi ne mai tsare ƙafafu da sarƙa. Na baya kuwa ya zagayo har ya wuce tsakiyar taya ya yi ƙasa, domin daga nan ne ruwan da ke samun na bayanka yake tashi. A riƙa duba kusoshi, musamman na gaba, saboda in ƙarfen da ke riƙe da shi ya kwance ya shiga wayoyin taya, kifewa za a yi. Wanda hanyarsa ta bi ta fadama mai laka mai danƙo, shi ne ke da uzurin sa gajere mai nisa da taya, ko ya riƙa tafiya da ɗan tsinken sakace laka.

Ya samo masu faɗi na roba, inda babu huji ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya ɗaure, sannan ya yanko tsohuwar robar tayar mota ya yi wa kowanne leɓe a ƙasa. Ya ba ni shawarar in sake taya in sa mai ƙananan haƙora, na bi. Kuɗin duka bai kai abin da na riga na kashe a sabulu da sabuwar sarƙa ba. Gaskiya keken ya rage kyau, har ɗana ya dube shi ya ce, "Baba, ka mayar da shi na tsofaffi." Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna, na yi shiru. Na dai kwashe sifanonin gidan na kulle a akwati.

Tun daga ranar, in na shiga ruwa nakan rage gudu in waiga. Washegari kuma na koma wurin mai gyara da ɗan gwangwanin fenti, na ce ya shafa wa wutsiyar baya fari. Ya tambaye ni dalili, na ce masa gado ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, mu kuma Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon rufa na waɗanda ke bayanmu.