Gida A Kan Taya A Hanyar Agadas

A shekarun 1970 da 1980, da zarar hunturu ya kama, akan ga Turawa masu yawon buɗe ido suna isowa Kano cikin motoci masu gado da murhu da tankin ruwa, watau gida sukutum a kan taya. Daga Aljeriya suke gangarowa, su bi In Salah da Tamanrasset, su shiga Nijar ta Asamaka, sannan Arlit da Agadas da Damagaram. Dole ce ta sa suke zaɓen watannin sanyi, domin a watan Yuli zafin In Salah yakan haura digiri 45, ga shi kuma akwatin ƙarfe da aka rufe cikin rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba.

Ko da hunturu ma ranar hamada ba abar wasa ba ce. Masu dabara sukan shafa wa rufin farin fenti, su yi sammako, su yada zango kafin azahar, su kafa rumfa. Tagogin ɓangaren rana a lulluɓe su ta waje, na inuwa a buɗe tare da murfin sama, tun da iska mai zafi sama take hawa.

Amma dabarar da ta fi burge baƙin ita ce salka, wadda Buzaye suka daɗe da sani. A rataye ta a jikin mota, ruwa yana tsattsafowa ta fatar, busasshiyar iska tana shanye shi, na ciki kuwa yana yin sanyi kamar na randa. Haka jiƙaƙƙen ƙyalle yake yi a bakin taga. Sai dai kowane ɗigo da aka ba iska an rage shi ne daga ruwan sha, alhali tsakanin Tamanrasset da In Gezam kusan kilomita 400 ne, kuma a wancan zamani babu kwalta.

Injin ma yana da nasa hali. Na Volkswagen Kombi ba shi da lagireto, iska ke sanyaya shi, saboda haka in mota ta kafe cikin rairayi direba ya dinga ba ta wuta, sai ya ƙone. Gawarwakin motoci da aka watsar a gefen hanya su suka zama alamar hanya ga na baya.

Tawayen arewacin Nijar daga 1990, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, su suka tsinke wannan zirga-zirga.