Yadda Na Koyi Bin Sawun Wuta

Duk wanda ya san ƙasar Ungogo ya san wuri ne da ba a barin ƙasa ta huta. Gona na jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye, tun daga Fanisau har Rangaza da Yadakunya. Da damina a yi gero da dawa da gyaɗa, da rani kuwa waɗanda ke kusa da kogin Jakara su faɗa lambu, su yi latas da alayyafo da tumatir su kai birni. A zamanin kakanninmu jakuna ke wannan jigila, su shiga Kano da itace da kara, su komo da taki. Mu da muka taso sai muka tarar mota ta fara karɓe aikin jaki, kuma a bakin wannan sana'a na sami karatun da na ke so in ba da labarinsa.

Sa'ad da na ke saurayi mahaifina ya danƙa mini wata tsohuwar a-kori-kura mai silinda huɗu, wadda ta girme ni nesa. Da ita na ke kwasar kayan lambun mutanen ƙauyenmu in kai kasuwar 'Yankaba. Wata rana da hunturu, tun asuba, mutum shida suka ɗora mini kwandunansu, kowa ya ce sai na dawo. To, ka san kayan lambu ba ya jiran kowa, rana na ɗagawa ya fara yaushi, kuɗinsa ya karye. Ban yi nisa ba, a kan hanyar burji, sai mota ta yi tari sau biyu ta mutu.

Na murɗa makulli, inji na juyawa sarai amma ya ƙi kamawa. Na sake, na sake, har batir ya soma ja da baya. Na buɗe murfin inji na ɗura fetur a kabureta, ba labari. Na kwance fulogi huɗun nan na goge na mayar, duk a banza. Masu wucewa suka taru, wannan ya ce kwayil ne, wancan ya ce a tura. Aka tura har muka jiƙe da gumi cikin sanyin nan. Na ƙudura in bar yarona da kaya in tafi Ƙofar Ruwa in sayo sabon kwayil da kuɗin da na ke tarawa na takin damina.

Ina cikin wannan shawara sai ga kawuna bisa kekensa. Shi kuwa tsohon direba ne, ya yi yaron mota tun zamanin dalar gyaɗa. Ya jingine keke ya ce, "Kai, ɗan nan, ina za ka?" Na ce, "Kawu, kwayil ne ya ƙone, zan sayo wani." Ya ce, "Wa ya shaida maka ya ƙone?" Na yi shiru. Ya ce, "Alƙali ba ya ɗaure mutum sai ya ji shaidu. Zo mu bi sawun wutar, mu ga inda ta tsaya."

Da fari ya sa na goge fetur ɗin da na zubar, don kada tartsatsi ya same shi. Sa'an nan ya cire wayar fulogi guda, ya riƙe ta da busasshen tsumma, ya kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, ya ce in murɗa. Ba tartsatsi. Ya gwada sauran ukun, haka. Ya ce, "Ka gani, mai ba shi da laifi, wuta ce babu. Fulogi huɗu kuwa ba sa mutuwa rana ɗaya. Abin da ya hana su duka yana can baya, inda hanyarsu ta ke guda."

Daga nan ya zare wayar tsakiya, wadda ke kawo wuta daga kwayil zuwa marabar wuta, wato abin da makanikai ke kira distibuta. Ita ma ya kusantar da ita ga ƙarfe, shiru. Na ce, "To, Kawu, ai ga shi, kwayil ne." Ya ce, "Ba a nan gizo ke saƙa ba. In ka tarar tukunya ba tuwo, ka fara tambaya ko an ba mai girki gari."

Ya kamata in tsaya nan in bayyana abin da na fahimta daga baya. Batirin mota ƙarfinsa 12 ne a ma'aunin lantarki da a ke kira bolt, wannan kuwa bai isa ya tsallaka bakin fulogi ba. Aikin kwayil shi ne ya ɗaukaka shi zuwa wajen 20,000. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu, ɗaya mai kauri kaɗan ne naɗinsa, ɗaya siriri mai naɗi dubbai. In lantarki na bin mai kaurin sai ƙarfen da ke tsakiya ya zama maganaɗisu. Da zarar an yanke shi farat ɗaya, sai babbar wuta ta tashi a cikin siririn. Wani masani a Ingila, Michael Faraday, shi ya gano asalin wannan hikima a 1831, wani Ba'amurke kuma, Charles Kettering, ya tsara ta don mota, aka fara sa ta a Cadillac a 1910. Abin da ke haɗa lantarkin yana yankewa wasu 'yan ƙarafa ne biyu cikin distibuta, su a ke kira kwantak. Akwai sanda mai kusurwa huɗu da ke juyawa, kowace kusurwa ta tura ɗan dunduniyar kwantak ya buɗe baki. In bai buɗe ba, ko kwayil sabo ne fil, ba wuta.

Kawu ya ciro ƙwan fitila ƙarami daga aljihunsa, an ɗaura masa waya biyu. Ya ɗora ɗaya a jikin inji, ɗaya a ƙafar kwayil da ke karɓar wuta daga makulli. Ƙwai ya kama. Ya ce, "Batir da makulli sun fita." Ya mai da wayar a ɗaya ƙafar, mai zuwa kwantak, ya ce, "In lafiya lau ne, za ka ga yana ƙyaftawa, ya kama in kwantak ya buɗe, ya mutu in ya rufe." Na murɗa, ƙwai bai ko motsa ba.

Ya ɓalle murfin distibuta, ya ce in duba da idona. Sanda na juyawa, amma kwantak baki a rufe gam. Ashe ƙurar hunturu da rashin maiƙo sun cinye dunduniyar har kusurwa ba ta iya ɗaga ta. Ya sa tsinke ya buɗe bakin da hannu, nan take ƙwai ya haskaka, shuɗin tartsatsi ya yi tsalle daga wayar tsakiya, ƙas! Ya dube ni ya ce, "Ga kwayil ɗin da ka so ka yar."

Ya kashe makulli, muka tura mota a giya har dunduniya ta hau kan kusurwa. Ya sassauta ɗan sukurun, ya goge bakin kwantak da sanfefa, ya yagi kwalin ashana ya auna tazara da shi, don kaurinsa bai yi nisa da abin da a ke so ba, wato ƙasa kaɗan da rabin milimita. Ya ɗaure, ya shafa ɗan giris a sanda, ya rufe. Da ya ke na riga na raunana batir, sai aka tura. Taku kaɗan inji ya kama.

Na isa 'Yankaba hantsi ya dubi ludayi, manyan masu saye sun watse. Latas na sama ya yi laushi, aka saya da arha. Da na komo na gaya wa masu kaya gaskiyar abin da ya faru, na ce in cika musu daga aljihuna. Biyar suka yafe, ɗaya ya karɓa, ban kuwa ga laifinsa ba, gama aikin da Kawu ya gama kafin a sha kofin shayi ni na ɓata sa'a biyu a kansa ina ƙirdado.

Tun daga shekarun 1970 masu ƙera motoci suka soma barin kwantak, suka koma ga na'urar lantarki, yau kuwa kwamfuta ke ba da umurnin wuta, har yara makanikai da yawa ba su taɓa gyara tazarar kwantak ba. Amma har wa yau ina ganin mutane a gareji suna sayen kaya ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a dace, alhali ba a gwada ko guda ba. In na ga haka sai in tuna da Kawu da ɗan ƙwan fitilarsa. Shi dai ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Ƙwan kuwa yana nan cikin akwatin sifanuna, kuma duk yaron da ya zo koyon tuƙi wurina, ba na ba shi makulli sai ya iya aiki da shi.