Hoton Aiki da Hoton Kwalliya

A yawancin gidajen Wudil, in ka ce a nuna maka hoton kakan gida, ɗan ƙaramin hoton fasfo za a ɗauko, wanda aka yi lokacin da zai sauke farali, ko kuma na ranar Sallah, yana zaune a kujerar mai hoto ya ɗora hannuwa a gwiwa. Namu gidan ma haka ne. Mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana noman rani a bakin kogi, albasa da tumatir, amma hoton da ya bar mana na wani dattijo ne cikin babbar rigar da sai shekara-shekara take fitowa daga adaka. Ba jigon da yake ban ruwa da shi, ba fartanya, ba taɓo a ƙafa. Yau jigo ya ɓace, injin ban ruwa ya gaje shi, 'ya'yana kuwa sai dai in kwatanta musu da baki. Wannan giɓin ne ya sa na sayi kyamara, na ɗaura niyyar ɗaukar mutanen garinmu a bakin sana'arsu.

Da kogi na fara, domin shi ne ya fi saurin sauya kama. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil haɗin kogin Kano ne da na Challawa, yana gangarawa Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, cikarsa da janyewarsa suka daina bin damina kaɗai, suka koma bin hannun masu buɗe ƙofar dam. Tsofaffin masunta kan nuna maka inda ruwa yake kaiwa a da, yanzu gona ce ko gida. Babu hoton da zai gaskata su. Shi ya sa duk shekara nake tsayawa a wuri guda a kan gada, cikin watan Agusta da kuma tsakiyar hunturu, in ɗauki fuska guda ta kogin. Hoto ɗaya a cikinsu ba ya burge kowa. Sai an jera su ake ganin yadda masu yasar yashi da tifofinsu suke cin gaɓa.

Mutane ne suka fi kogi wuyar sha'ani. Wani dattijon masunci na tarar yana ɗinkin taru, hantsi ya sauka a kansa yadda mai hoto ke so. Na gaishe shi, na nemi izini.

“Ɗan nan, a haka za ka ɗauke ni? Jikokina su ce kakansu tsumma yake sawa? Jira ni.”

Ya tafi gida ya dawo da wankakkiyar riga da hula, ya tsaya ƙiƙam. Na ɗauka. Da na kai masa hoton a wanke, ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya ce, “To, yanzu zo ka ɗauki wancan da kake so.” Daga ranar wannan ya zama tsarina: hoton kwalliya tukuna, nasa ne, hoton aiki daga baya, in ya yarda. Masu cewa hoton da aka shirya masa ba gaskiya ba ne, ban yarda da su ba. Yadda mutum yake so a tuna da shi, shi ma wani ɓangare ne na labarinsa. Seydou Keïta na Bamako da irin waɗannan hotunan ya shahara, mutane sun ci ado sun zauna gabansa, ga shi yau da su ake sanin yadda birnin yake a shekarun 1950. A nan gida kuma J. D. 'Okhai Ojeikere ya soma ɗaukar kitson mata a 1968, ya bi abin shekara da shekaru har ya tara kusan dubu, alhali ba wanda ya sa shi.

Kara, kasuwar shanu, kuwa wata duniya ce. Ranar Juma'a, da bunaji da bokolo sun cika fili, tireloli na jiran lodi zuwa Kudu, mutum mai kyamara abin zargi ne. Wani zai ɗauka jami'in haraji ne, wani ya ce saniyar sata ake cigiya. Sai da na yi ta zuwa hannu rabbana, ina zama a rumfar wani dillali muna shan fura, kafin na fito da kyamarar daga jaka. A nan na gane fuska ba ita ce komai ba. Hoton da na fi ƙauna daga Kara hannuwa ne kawai: na mai saye da na mai sayarwa, dillali ya haɗa su a daidai lokacin da aka ce an sallama. Wanda ya ce ba ya son hoto saboda addini ko don ra'ayinsa, ba na jayayya, nakan rufe kyamara mu ci gaba da hira. Matan cikin gida kuma ƙanwata ce ke ɗaukarsu, hotunan suna zama a hannunsu.

Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda ta koma sunan Aliko Dangote a 2022, garin ya cika da samari masu waya, kowa mai hoto ne. Ina murna da haka, sai dai abin da na gani shi ne waya na faɗawa ruwa, katin ajiya na lalacewa, shekaru su tafi a dare ɗaya. Don haka duk hoton da ya yi mini nakan wanke shi a takarda, in rubuta a bayansa da fensir: wane ne, ɗan gidan wa, a ina, wace rana, me yake yi. Kwafi ɗaya na wanda aka ɗauka ne, ɗaya nawa. Kuɗin wanki ya yi tsada, shi ya sa na masu yashi na bana har yanzu suna jiran albashi.