Zanen Da Na Raina

Shekarar da Gwaggona ta sauke farali, ta kawo mini tsarabar zane guda, ruwan ƙasa da shuɗi. Ta ce a Makka ta saya hannun wasu mata alhazan Indunusiya. Ni kuwa lokacin ina amarya, idona na kan Holan da Sufa. Na juya shi sama da ƙasa, ba tambari a bakinsa, layukan ma ba su daidaita ba. Na yi godiyar fatar baki na cusa shi ƙasan akwati. Da na haihu sai ya zama zanen goyo.

Wata malamar ɗinki ce ta gan shi a kan igiyar shanya, ta riƙe baki ta ce, "Maman Abba, kin san abin da kike goyo da shi kuwa?"

Ashe batik ne, aikin hannu na tsibirin Jawa. A garuruwa irin su Solo da Pekalongan, mace za ta zauna gefen ɗan kasko na narkakken kaki, da wani ɗan ludayin tagulla mai tsinin baki da suke kira canting. Da shi take ɗiban kakin tana zana fure da ɗigo a jikin farin yadi. (Abin dariya, kakin nan sunansa "malam" a yarensu!) Sai a tsoma yadin a shuni, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata. Inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. A kankare, a sake zanawa, a tsoma a ruwan ɓawon itace don ya ba da ruwan ƙasa. Zane ɗaya sai ya ci watanni. Kowane ado kuma da ma'anarsa: akwai truntum da iyayen ango da amarya ke ɗaurawa ranar biki, akwai parang da a da sai 'yan gidan sarauta.

Abin da ya fi ba ni kunya, 'yar'uwa, Holan ɗin da nake mutuwa a kai kwaikwayon wannan ce. Turawan Holan da suka mulki Jawa su suka ƙera injin yin irinsa, mutanen tsibirin suka ƙi saye don kakin na tsattsagewa rini ya shiga, aka juyo da hajar Afirka ta Yamma muka rungume. A 2009 ma hukumar UNESCO ta sanya batik cikin kayan gadon duniya.

Na cire shi daga igiya na ninke, amma gefe guda ya riga ya yage. Gwaggo kuwa ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Sau biyu tana tambayata, "Yaushe za ki ɗinka zanen nan?" ina ce mata sai da Sallah.