Mun je Korahane: yaushe sana'a ke neman hannu na biyu?

A wannan fitowa za mu ba ku labarin ziyarar da muka kai wa ƴan uwanmu na Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, tunda zumunta a ƙafa take. Mun tafi don mu ga yadda suke riƙon akwati da littafi, sai muka dawo da wata magana da ta shafi kowace mai sana'a cikinmu: yaushe ya kamata mace ta ɗauki wadda za ta taya ta aiki da biya?

Daga Maraɗi, in an wuce Tibiri aka miƙi hanyar arewa ta Kornaka, ƙasa na canzawa mutum na kallo. Itatuwa na raguwa, rairayi na ƙaruwa, ga gonakin hatsi da wake har iyakar gani, ga garken shanu da raƙuma na tsallake hanya. A Dakoro muka sake mota zuwa Korahane. Yankin na manoma ne da makiyaya, Hausawa da Fulani da Buzaye, kowa na cin kasuwar kowa: wannan ta kawo nono da cuku, waccan ta kawo hatsi da ƙosai. Nan kusa kwarin Tarka yake, inda noma ke ja da baya kiwo ya karɓi fili; tun 1961 gwamnati ta yi dokar da ta shata wa noma iyaka ta wajen arewa. Damina gajera ce, wata uku ko abin da ya ɗara kaɗan.

Wannan ƙasa ita ta koya wa matan Korahane lissafi. Da kaka gari cike yake, hatsi ya shiga rumbu, ana bukukuwa, kowa na da ɗan abin sayen mai da nama. In rani ya kama, maza da samari su tafi cin rani Najeriya, wasu har Libiya da Aljeriya, masu saye su ragu. Daga bazara zuwa tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, dalar da ke hannun kowa ta koma ta tuwo. Manyansu ba su manta da yunwar 2005 ba, wadda ta ƙona yankin Dakoro ƙwarai, haka ma 2010 da dabbobi suka yi ta faɗuwa saboda rashin ciyawa. Shi ya sa da muka kawo zancen ɗaukar mai aiki, ma'ajiyar ƙungiyar, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, ta ce mana su can ba su auna sana'a da kaka, da bazara suke aunawa. Wannan maganar ita ce guzurin da muka kawo muku.

Mun zauna taronsu na mako a inuwa, tabarmi a shimfiɗe, akwati a tsakiya, aka kira suna kowa ta yi zubi. Tsarin dai irin namu ne na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a nan jihar Maraɗi a 1991, yau ga shi ya bazu ƙasashen Afirka da yawa. Da aka zo wajen bashi, wata mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta nemi a ba ta. Shugaba ta tambaye ta: Yaya, gyaɗa za ki saya, ko ladan mai aiki za ki biya? Nan muka ji dokar da suka sa wa kansu. Bashin akwati na sayen kaya ne, gyaɗa ko wake ko rago, abin da za a juya ya dawo da riba. Ladan mai aiki kuwa sai ya fito daga cikin ribar. Dalilinsu a fili yake: kaya in ba su fita yau ba suna nan gobe, amma lada in ya fita ya tafi ke nan, bashi kuma na jiran ki da ruwansa.

Bayan taro mai ƙuli-ƙulin ta kai mu gidanta, ta yi mana lissafin da muke so kowace ta yi a nata littafi. Ga misali, ku sa naku farashi a wurin namu. A ce kowace tiyar gyaɗa na bar miki ribar dala 40 bayan an cire kuɗin itace da na inji. Ke kaɗai kina iya tiya 10 a mako, ribarki jika 2 ke nan. Kin ɗauki mai taya ki suya da matsa, kwana 2 a mako, dala 100 kowace rana, jika 1 ke nan, ban da abincinta. In aikin ya kai tiya 16, ƙarin ribar dala 240 ce. Ki cire dala 200 na lada, saura dala 40, su ma hura da tuwonta sun cinye su. Kin ƙara hayaƙi a gida, aljihu bai ƙaru ba. Amma in ya kai tiya 20, ƙarin jika 2 ne, ki biya jika 1, jika 1 ta rage miki. Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: man tiya 20 wa zai saye shi a watan da maza ba su nan?

Ita dai ba ta ɗauki kowa ba sai da ta ga mako 4 a jere masu saye na komawa da kwalba ba mai, kuma ba lokacin biki ba ne, ba na salla ba. Ko da ta ɗauka, ba ta yi alkawarin wata-wata ba. Aikatau ne na jajibirin kasuwa, a yi a biya a ranar. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu: iyayenmu sun san dakau da wankau, maza sun san ƴan barema a gona. A fara da yini, in sana'a ta ɗauka a koma mako, in ta tsallake bazara da ƙafarta sannan a yi maganar wata.

Gida na biyu na mai turkar raguna ne. Raguna na son harawa da dusa da ruwa safe da yamma, rijiyoyin yankin kuma da zurfi, ja ba wasa ba. Matsalar turka ita ce kuɗi sau ɗaya suke shigowa, in Layya ta matso, alhali yaron da ke ɗebo ruwa da ciyawa cikinsa ba ya jiran Layya. Ta ce da raguna 2 ita da kanta take yi. Da suka kai 5 sai ta ɗauki ɗan maƙwabta, suka yi magana gaban uwarsa da shaidu biyu daga ƙungiya: abincin rana kullum, ɗan abin sabulu ranar kasuwa daga cinikin ƙosanta, sauran lada in an sayar. Ranar da raguna suka bar gida aikin ya ƙare, ba fushi ba gaba. Ku riƙe wannan, ƴan uwa, musamman in ɗan dangi ne. Ɗaukar ɗiyar ƙanwa da sauƙi, sallamar ta ita ce aiki. In ba a yanka ranar ƙarewa tun farko ba, ko dai sana'a ta mutu saboda kunya, ko zumunci ya mutu saboda sana'a.

Gida na uku shi ya fi taɓa mu. Mai hura ce, ɗiyarta ce ke mata talla tun tana ƙarama. Yawancinmu ba mu sa aikin ɗiya cikin lissafi, muna ganin kyauta ne. To ba kyauta ba ne, da karatunta ake biya. Yarinyar da ke yawo da ƙwarya da hantsi ba ta cikin aji, in ta sha fashi ta faɗi jarrabawa, daga nan sai zancen aure. Da aka koma lakkwal a watan Oktoba, matar nan ta nemi wata bazawara maƙwabciyarta, ta ba ta tallar da la'ada, dala 1 cikin kowace dala 10 da ta sayar. Riba ta ɗan ragu, ba ta ɓoye mana ba. Amma la'ada na bin ciniki: in an sayar da yawa kowa ta samu, in kasuwa ta yi sanyi ba wadda ke bin wata bashi. Yarinyar kuma yanzu ita ke rubuta wa uwarta cinikin yini da dare. Mu da muka koyi baƙi da girma a ajin yaƙi da jahilci mun san abin da aka ceto mata.

Akwai kuma jiki. Matsar mai da daka na cin baya da ƙirji. Mai ciki ko mai jego da ta ƙi neman taimako don tsimin dala 100, ranar da ta kwanta sana'a ta tsaya cik, ga kuɗin likita, ga zubi na jira. Irin wannan lokaci ɗaukar mai aiki na ƴan makonni kariyar jari ce.

To ga abin da muke roƙo. A taronku mai zuwa, kafin a rufe akwati, kowace mai niyyar ɗaukar hannu na biyu ta amsa wa ƴan uwanta tambaya 4. Masu saye na komawa hannu wofi ne, kuma mako nawa a jere? Ladan zai fito daga riba ko a watan da ya fi kowane wuya? Wa ke yin aikin yanzu ba biya, me yake rasawa? Yaushe aikin zai ƙare, su wa suka shaida? In amsoshin sun zauna, bismilla, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ladan da kika biya abinci ne a wani gida; sai dai a biya kan lokaci, kamar yadda malamai ke yi mana wa'azi kan haƙƙin ma'aikaci. In ba su zauna ba, a dakata, a kira gayya ta yini ɗaya tsakanin ƴan ƙungiya, a jira sana'a ta yi ƙwari.

Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko mana da yadda ta kaya, mu buga sauran su ƙaru. Allah ya sa albarka a zubinmu, ya ba mu damina mai kyau, ya raya mana zuri'a. Amin.