Abin da Ke Cikin Kayan Ɗaliba

Duk wanda ya saba zama kusa da tashar Batsari a makon da manyan makarantu ke komawa zai iya bambance kayan ɗalibi da na ɗaliba, ko masu kayan ba sa wurin. Na namiji jaka ɗaya ce, in ya yi yawa a ga ƙullin garin kwaki a gefe. Na mace kuwa sai ɗan kamasho ya yi tsaki kafin but ya rufu. Bokiti biyu, ɗaya cikin ɗaya, da jarka, da risho, da tocila, da ƙullin kuka da daddawa da yaji. A can ƙasan jaka, inda ido ba ya kaiwa, audugar mata ce da maganin ciwon mara. Sannan kwaɗo, da sabuwar sakata wadda uban ya sayo ranar kasuwa, ya ce mata ta nemi kafinta ya buga kafin ta yarda ta kwana a ɗakin.

Maza kan yi dariya su ce mata dai da son kaya. Ni ban ga son kaya a nan ba. Kowane abu a cikin wannan kaya yana maganin wani rashi ne da yarinyar ta san za ta tarar. Jarkar don kada dare ya same ta a bakin rijiyar burtsatse ne. Bokiti na biyu don kada ta fita banɗakin da ke bayan gida da ƙarfe biyun dare ne. Rishon yana hana ta zuwa wurin mai shayi bayan isha'i, inda ɗan ajinsu zai zauna ya miƙe ƙafa ba mai cewa uffan. Aji ɗaya suke, kuɗin makaranta ɗaya suka biya, amma ita da ƙarin lissafi take kwana take tashi.

Yawancin 'ya'yan wannan yanki hanya biyu suke bi. Wasu su nufi Katsina, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Hassan Usman suke. Wasu su nufi Dutsinma, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ga mutanen Safana, Dutsinma maƙwabciya ce, kuma zuwan jami'ar ya kashe tsohuwar hujjar nan ta "ya yi nisa, ba zan tura ɗiyata ba". Iyaye da dama da ba za su taɓa barin yarinya ta tafi Zariya ko Sakkwato ba sun yarda da Dutsinma, tunda za a iya kai mata tuwo da safe a dawo kafin azahar. Sai dai shekarun da jami'ar ke girma su ne kuma shekarun da Dajin Rugu ya zama mafakar 'yan bindiga.

Cikin daren 4 ga Oktoban 2023, 'yan bindiga suka shiga wani gidan haya a Dutsinma suka tafi da ɗalibai mata biyar na jami'ar. Kafin nan da ƙasa da mako biyu, ranar 22 ga Satumba, an yi irin haka a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka kwashe ɗalibai fiye da 20, galibinsu mata. Abin lura shi ne a duka biyun ba cikin makaranta aka shiga ba. Gidajen haya ne na wajen makaranta, irin waɗanda ɗalibai ke kamawa saboda gadon ɗakunan kwana na jami'o'inmu ba ya isa. Kuma kowa ya san yadda haya take: ɗakin tsakiyar gari yana da tsada, mai araha yana bakin gari, inda katanga ba ta da tsawo, fitila babu, bayan gida gona ce. Wa ke kama mai arahar? 'Yar manomin da 'yan bindiga suka hana shi noma gonarsa ta daji. Wadda ta gudo wa matsalar daga garuruwan bakin daji irin Ruma ko Runka ita ce ke sake kwana a bakinta.

Abin da ya biyo baya a cikin gidaje ba ya shiga labaran rediyo. Waya ce kawai: "Ki haɗo kayanki ki dawo, rai ya fi boko." Ba na ganin laifin uban da ya faɗi haka. Ya ga maƙwabcinsa ya sayar da gona da shanun huɗa don kuɗin fansa. Ya kuma san abin da ba a faɗa da ƙarfi, cewa yarinyar da ta dawo daga daji ba ta gama shan wahala ba, don akwai raɗe-raɗin unguwa, akwai manemin da zai janye ba sallama. Amma a lura da wannan. A Disamban 2020 yara fiye da 300 aka kwashe daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, dukkansu maza, ban kuma ji wanda ya ce ashe karatun ɗa namiji bai dace ba. Idan abin ya faɗa kan namiji, sai a ce a gyara tsaro. Idan ya faɗa kan mace, sai a ce dama me ya kai ta.

Sai maganar lokaci. Mazaunin dindindin na jami'ar Dutsinma yana wajen gari ne, kan hanyar Ƙanƙara, ɗalibai da yawa kuma daga cikin gari suke zuwa. A kowace jami'a, malamin da ya mayar da laccarsa ƙarfe huɗu zuwa shida don ya yi wani uzuri da safe bai yi niyyar cutar kowa ba. Amma ya sa ɗaliba zaɓi tsakanin sa hannu a takardar halarta da isa ɗaki da sauran haske. A wannan lokacin ne wayar uwa ke shigowa, kullum tambaya ɗaya: "Kin shiga ɗaki?" Wasu sukan ce eh suna tsaye bakin titi suna jiran mota. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, wannan 'yar tambayar ma ta gagara tsawon watanni. Iyaye mata sun fi kowa sanin nauyin wancan shirun.

Lafiya kuwa, a nan ne kunya ke yin nata aikin. Ɗalibar da ciwon mara ya kwantar ba za ta ce wa malami abin da ya hana ta gwaji ba, sai ta ce zazzaɓi. Wadda ke fama da abin da mata ke kira ciwon sanyi, in ta leƙa asibitin makaranta ta ga namiji ne a kan kujera, sai ta juya ta aiki ƙawarta kemis, a haɗo mata ƙwayoyi ba gwaji, ta sha na kwana biyu ta ajiye. Ga banɗakin da ba ruwa a kusa da ɗakunan lacca. Namiji ya zagaya bayan gini ya dawo. Mace ta ƙi shan ruwa tun safe, cikin zafin bazara, ta riƙe fitsari har yamma. Masu aikin lafiya sun daɗe suna faɗin cewa wannan ɗabi'a na jawo ciwon mafitsara, amma ban taɓa jin ɗan takarar shugabancin ƙungiyar ɗalibai ya sa famfon banɗakin mata a cikin alƙawuransa ba.

Akwai kuma wadda nake ganin ta fi kowa ƙoƙari, wato matar aure mai goyo. Za ka gan ta da 'yar raino, yarinya ƙarama da aka ɗauko daga ƙauye, zaune ƙarƙashin bishiyar bedi da jariri a cinya, tana jiran a fito lacca a ba shi nono. Ita 'yar rainon nata karatun ya tsaya ke nan don na yayarta ya tafi. Haihuwa ba ta duba jadawalin jarrabawa, wankan jego kwana arba'in ne, kuma wadda ta rasa takarda biyu a ciki sai ta jira wata shekara. Ɗaki guda mai tabarma da fanka da mai kula da yara zai sauƙaƙa rabin wannan wahala.

Batun malamin da ke neman ɗalibarsa da maki ba sai na tsawaita ba. A 2018 kotu ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu, bayan muryar da ɗalibar ta naɗa ta bazu, a 2019 kuma binciken BBC ya fallasa wasu a Legas da Gana. A wajenmu abin da ke rufe bakin yarinya ba tsoron malamin kaɗai ba ne. Ta san in maganar ta isa gida, hukuncin farko a kanta zai sauka: a rufa asiri, a cire ta, a yi mata aure. Akwatin koke da aka rataye a ƙofar ofishin da kowa ke wucewa ba zai taɓa cika ba. Sai an sami mace babba, wadda ɗalibai suka san sunanta da ofishinta, suka kuma tabbata maganar ba za ta fita ba.

Mai zuwa Katsina daga Batsari yana wuce Babbar Ruga kafin ya shiga gari. Nan ne cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara yi wa mata aiki tun shekarun 1980. Mafi yawan matan da ke kwance a can doguwar naƙuda ce ta kai su, a ƙauyen da ba ungozomar asibiti, ko a gidan da miji ya ce namiji ba zai duba masa mata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. To, wace ce za ta yarda ta kwana a asibitin Wagini ko Zakka tana jiran mai naƙuda? Ba 'yar Kaduna ba ce, ba 'yar Legas ba. Sai 'yar garin, wadda uwarta ke nan. Ita ce kuwa muke kira a waya muna cewa ta dawo tun tana aji biyu.

An kafa rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoban 2023, an kuma yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Batsari da Safana a 2025. Waɗannan manyan al'amura ne, ba a hannun malamin jami'a ko mai gidan haya suke ba. Amma rabon gado yana hannun hukumar makaranta, kuma ba abin da zai hana a fara da 'yan mata masu shigowa daga ƙananan hukumomin bakin daji. Jadawalin lacca yana hannun shugabannin sassa. Masu gidajen haya su ɗaga katanga su sa fitila mai aiki da hasken rana kafin su karɓi kuɗin shekara. Ƙungiyoyin ci gaban Batsari da Safana kuma, da masu hannu da shuni na garuruwan nan da ke Abuja da Kaduna, ku haɗa kuɗi ku kama gida guda a tsakiyar Dutsinma da wani a Katsina, ku sa maigadi da dattijuwa mai kula, ku ce na ɗalibai mata 'yan yankin ne. Ku fara da wannan zangon mai zuwa.