Karyewar Manyan Kantunan Kayan Lantarki a Ingila

Wanda ya zauna a Ingila tsakanin shekarar 2012 da 2018, in dai yana da al'adar bin babban titin kasuwar garin da yake yana duban kantuna, lalle ya ga abin da ba mu saba gani a ƙasarmu ba, wato kanti mai rassa ɗari biyu ko fiye, wanda kakanni suka sayi rediyo a cikinsa, jikoki suka sayi kwamfuta, ya wayi gari a hannun masu lissafin bashi, kafin wata biyu kuwa ba sauran kome sai ƙofofi a garƙame. Kamfanin Comet, wanda George Hollingbery ya kafa a birnin Hull a 1933 yana yi wa mutane cajin batirin rediyo, ya faɗi ran 2 ga Nuwamba 2012 da rassa 236 da ma'aikata fiye da 6,000, aka rufe reshensa na ƙarshe mako guda kafin Kirsimeti. Jessops mai sayar da kyamara ya bi shi a Janairun 2013, Phones 4u mai wayoyi a Satumban 2014, sa'an nan Maplin a ƙarshen Fabrairun 2018.

In ka tambayi mutumin gari dalili, amsarsa ɗaya ce, intanet, kuma bai yi ƙarya ba. Mai saye yakan shiga kanti, ya sa yaron kanti ya kunna masa talabijin ya yi masa bayani dalla-dalla, sa'an nan ya fito da wayarsa ya ga Amazon ta fi araha, ya yi godiya ya fita. Ga shi ribar kayan lantarki ƙanƙanuwa ce, kuma kaya ne da darajarsu take raguwa tun suna kan kanta, domin sabon samfuri yana tafe. Ga kuma haya, wadda a can, a wancan zamani, akan ƙulla yarjejeniyarta shekara goma sha biyar har ashirin da biyar, ana biya duk wata uku, da sharaɗin cewa in an zo sabunta kuɗin, ko dai ya hau ko ya tsaya, ba ya sauka ko da kasuwa ta mutu.

Amma duk waɗannan jinya ce mai tsawo. Abin da yake yanke numfashi daban ne, kuma a kansa nake so mai karatu ya dakata. Babban kanti a Ingila ba ya biyan kuɗin kaya a hannu, bashi yake karɓa daga masu ƙera su ya biya bayan wata ɗaya ko biyu, kamar dai yadda ake yi a gida. Sai dai mai ba da kayan bai dogara ga mutuncin mai karɓa ba, ya dogara ne ga wani na uku, kamfanin inshora, wanda ya yi masa lamunin cewa in kantin ya kasa biya shi zai biya. Ranar da ma'aikatan wannan kamfani, waɗanda la'alla ba su taɓa taka ƙafa cikin kantin ba, suka duba lissafi suka janye lamuninsu, ranar ce masu kaya za su ce sai kuɗi hannu, alhali kuwa lokaci ne da ake bukatar cika sito domin cinikin Kirsimeti, wanda a kansa arzikin shekara ya rataya. Haka aka yi wa Comet, haka kuma aka yi wa Maplin. Shi kuwa Phones 4u, kamfanonin layin waya na Vodafone da EE ne suka ce ba za su sabunta mu'amala da shi ba, cikin 'yan kwanaki ya rushe, ba don masu saye sun ƙaurace masa ba.

To, a dubi Kano. A kasuwar waya ta Farm Centre, ko Titin Beirut, ko Sabon Gari, ba kamfani ɗaya ne mai rassa ɗari ba, mutum ɗari ne kowa da rumfarsa, kaya suna zuwa daga Alaba ta Legas ko Dubai ko Guangzhou ta hannun manyan diloli, su kuma su ba na ƙasa da su a kan a sayar a kawo kuɗi. Lamunin yaro shi ne ubangidansa, da sanin gidansu, da shekarun da ya yi bai ci amanar kowa ba. In kasuwa ta yi masa nauyi, ba daga takarda za a ji ba. Za a ga kantarsa tana raguwa, ya je da kansa ya gaida mai bashi ya ce, “Alhaji, a ƙara mini haƙuri zuwa bayan salla,” sau da yawa kuma a ƙara, saboda Alhajin ya san in yaron ya tsaya da ƙafarsa kuɗinsa za su fito, in ya faɗi kuwa sun tafi. Haya ta shekara guda ce, wanda ya gaza sai ya koma tebur a bakin shagon wani. Abin da ba shi da shi ma bai hana shi ciniki ba: ya ce wa mai saye ya zauna, ya zagaya wurin maƙwabci ya karɓo, ya ɗora 'yar ribarsa. Mai kwatanta farashi a waya kuma ba ya ba shi tsoro, tun da farashin ba a rubuce yake ba, sai an taya an yi albarka an sallama. Ga gyara da kayan hannu, waɗanda manyan kantunan Ingila suka daɗe ba su mai da hankali a kansu ba, suna riƙe da mutum ranar da sabo bai fita ba.

Ba ina cewa namu ba sa karyewa ba ne. Faɗuwar naira a 2023 ta yi wa masu shigo da kaya irin abin da faɗuwar fam ta yi wa Maplin bayan ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a 2016, har ma fiye: mutum ya sayar da riba a lissafi, ya koma saro ya tarar kuɗin ba su sayen abin da ya sayar. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye jarin jama'a a dare ɗaya, galibinsu ba inshora. Amma ɗaya bayan ɗaya suke karyewa, kasuwar kuwa tana nan tana ci.

Wajen rabon abin da ya saura ne bambancin ya fi fitowa. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun yi babi a kan mufallisi: alƙali ya hana shi tasarrufi da dukiyarsa, a raba ta tsakanin masu bin bashi gwargwadon haƙƙin kowa, wanda kuma ya tarar da ainihin hajarsa ba ta sāke ba yana da zaɓin ɗaukar abinsa. Turawan ma suna da makamancin wannan na ƙarshe, in mai kaya ya rubuta a yarjejeniya cewa kayan nasa ne har sai an biya. Amma a wurinmu bashin yana nan a wuyan mutum, ana jiran yalwarsa, in ya rasu a fitar daga dukiyarsa kafin gado. A Ingila kuwa, tun dokar 1855, hasarar mai hannun jari ba ta wuce abin da ya zuba, bashin yana mutuwa tare da kamfanin. Kamfanin Kesa, wanda yake da Comet a dā, ya sayar da shi ga wani kamfani mai suna OpCapita a kan fam 2 kacal, har ya haɗa da fam miliyan 50 na tafiyar da shi, sababbin masu shi kuma suka riƙe jingina a kan dukiyarsa, saboda haka da aka zo rabo suna sahun gaba, ƙananan masu bin bashi suna can baya, abin da ya iso gare su bai taka kara ya karya ba. Doka ta halatta, amma ban ga yadda attajirin Kantin Kwari zai yi haka ya sake shiga sahun salla da waɗanda yake riƙe da kuɗinsu ba.

Adalci kuwa ya wajabta a faɗi inda suka fi mu. Ma'aikatan Comet sun sami kuɗin sallama daga asusun gwamnati, alhali yaron shago a gida, in ubangidansa ya karye, sai addu'a da kuɗin mota. Wanda ya biya da katin bashi na banki abin da ya haura fam 100 bai karɓi kayansa ba, dokar 1974 ta ba shi ikon bin bankin. Masu katin kyauta ne suka sha wuya, wato waɗanda 'yan'uwa suka biya musu kuɗi tun da wuri don su zaɓi abin da suke so: na Comet an dakatar da su kwanaki sa'an nan aka ci gaba da karɓa, na Jessops kuwa masu lissafi suka ƙi su.

Sunan kantin ma haja ne a wurinsu, ana sa shi a kasuwa tare da kantoci da motoci. Attajiri Peter Jones ya sayi sunan Jessops a 2013, ya sake buɗe waɗansu rassa a watannin da suka biyo, da allo iri ɗaya da na dā, ba tare da shari'a ta ɗora masa ko sisi daga bashin tsohon kamfanin ba.